Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Da Gaske Ƙara Na Iya Sa Wa Mutum Ciwo?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da wannan mako. Tunda na faɗa a fitowar da ta wuce cewa ƙara ma gurɓatar muhalli ce, daidai take da bola da hayaƙi da ruwan kwata, saƙonni suke ta shigowa, yawanci daga cikin birnin Katsina sai kuma Daura, wasu tambaya suke wasu kuma kukansu kawai suka kawo. Na zaɓo guda shida na ɗan rage masu tsawo saboda fili, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba, don kusan duk ƙorafin a kan maƙwabta ne.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni matar aure ce a Sabuwar Unguwa, muna da maƙwabci mai shagon ƙanƙara da lemo, da an ɗauke wuta sai ya tada janareto kuma daidai tagar ɗakin maigidana yake ajiye shi, wani lokacin har asuba. Maigidan yana da hawan jini, yana shan magani amma kullum aka gwada sai a ce ya hau. Na ce mashi ƙarar nan ce shi kuma ya ce ya saba, barcinshi yake yi. Don Allah ƙara na sa jini ya hau ko zargina ne kawai?

Amsa: 'Yar'uwa zarginki yana da tushe, kuma wannan magana ta "ai na saba" ita ce na fi ji a bakin mutanenmu, ita ce kuma take cin mu a ɓoye. Abin da ya faru da maigidanki shi ne ransa ya daina ɓaci, ya daina tashi zaune yana tsaki, amma jiki ba ya sabawa haka nan. Mutum ko yana barci kunnensa aiki yake yana aika saƙo ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwa duk ƙara mai ƙarfi kallon haɗari take mata, sai ta sa jiki ya saki sinadaran firgici irin su adirenalin da kotisol, bugun zuciya ya ƙaru, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya ɗan hau, duk wannan fa mutum na kwance yana minshari bai san ana yi ba. An sha kwantar da mutane a ɗakin gwaji a kunna masu ƙarar jirgi ko ta motoci cikin dare, da safe wasunsu su ce sun yi barci lafiya lau, amma na'ura ta nuna sun yi ta fita daga barci mai nauyi zuwa mara nauyi, zuciya na zabura duk sanda ƙarar ta gifta. Kuma a ƙa'ida jinin mai lafiya sauka yake yi da dare, lokacin ne zuciya da jijiyoyi ke samun sararawa, toh in yau ba a bari ya sauka ba gobe ma haka jibi ma haka, kin ga ai dole abu ya taru.

Ba hasashe ba ne wannan. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara binciken da aka yi a kan ƙarar motoci, ta samu cewa duk ƙarin desibel 10 (desibel shi ne ma'aunin ƙara) yana ƙara haɗarin ciwon toshewar jijiyoyin zuciya da kusan kashi 8 cikin 100. Hukumar muhalli ta Turai kuma a rahotonta na 2020 ta ƙiyasta cewa ƙara na da hannu a mutuwar mutum 12,000 duk shekara a can, da sabbin masu ciwon zuciya 48,000. Wannan a Turai ke nan, inda ba kowane gida ne ke da janareto a ƙofa ba, ki auna da namu. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce cikin ɗakin barci kada ƙara ta wuce desibel 30, wato kamar mutum yana raɗa. Hira ta yau da kullum wajen 60 ce. Janareton da ke jikin taga kuwa ba sai na faɗa maki inda yake ba.

Amma kada ki ɗora wa janareto komai. Gishiri da dunƙulen girki, ƙiba, tsallake shan magani, damuwa, gado, duk suna nan, don haka in zai koma asibiti ya gaya wa likita zancen ƙarar nan da bakinsa, kuma kada ya daina magani don an ce ƙara ce.

Sai maganar maƙwabci. Mutumin nan neman halalinsa yake, in ƙanƙara ta narke jarinsa ne ya narke, don haka in an je masa kada a fara da "ka kashe", a fara da "ka matsar". A fili, duk sanda aka ninka nisan da ke tsakaninki da abin da ke ƙara, ƙarar na raguwa da kusan desibel 6, kin ga in daga mita 1 aka mayar da shi mita 4 an rage wajen 12, kunne kuma zai ji kamar an rage fiye da rabi. A juya bakin salansa ya daina kallon tagarku, a ɗora injin kan tsohuwar taya ko roba mai kauri don kada girgizar ta bi ƙasa ta shigo bango, a ɗan gina masa katangar bulo ta ɓangarenku a bar sama da ɗaya gefen a buɗe ya sha iska, in salansar ta fashe a kai wa mai walda.  Abu ɗaya da nake roƙo da babbar murya, kada don gudun ƙara ko ɓarayi wani ya shigar da janareto cikin shago ko zaure ko ɗaki ya rufe. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma a ƙasar nan an sha wayar gari a tarar da iyali guda sun mutu a barci saboda ita. Masana cewa suke a nisanta shi da ƙofa da taga da aƙalla mita 6. In duk wannan bai samu ba, ko musayar ɗaki ku yi, maigida ya koma ɗakin da ke can ciki.

Tambaya: Anti ina wuni. Ni saurayi ne ɗan shekara 24 a Daura, tun ina yaro nake aikin injin niƙa, daga safe har la'asar ina bakin inji. Yanzu in na kwanta sai in dinga jin wani ziii a kunnena ba ya tsayawa, kuma in ana hira cikin mutane da yawa ba na gane abin da ake cewa sai na kalli bakin mutum. Abokaina na tsokanata wai na fara kurumcewa, wani kuma ya ce iska ce in je a yi mani ruƙiyya. Me ke damuna?

Amsa: Ƙanena, saƙonka ya taɓa ni, don abin da ka siffanta shi ne ainihin yadda ƙara ke fara cin kunne, kuma na ji daɗi da ka yi magana tun yanzu. Bari in yi maka bayanin yadda abin yake. Bayan dodon kunne, can ciki, akwai wani ɗan sashe a naɗe mai siffar dodon koɗi, cike da ruwa, a cikinsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kusan 15,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar girgizar sauti su mayar da ita saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi kwantar da su take yi. Kamar shuka ce a gonar da mutane suka mayar hanya, in sau ɗaya aka taka ta da safe ta miƙe, in kuwa kullum ana bi ta kanta sai wurin ya zama fako. Matsalar ita ce a jikin ɗan Adam waɗanda suka mutu ba sa sake tsirowa, babu ƙwaya ko allurar da ke dawo da su.

Waɗanda ke fara lalacewa su ne masu jin siririn sauti, irin su sa da sha da fa da tsa, shi ya sa kake jin murya amma ba ka gane kalmar, balle in ana surutu a gefe. Wancan ziii ɗin kuma likitoci na ce masa tinitus, kuma yana yawan zuwa tare da irin wannan lahani. Addu'a kam ba a raina ta, ka yi ta yi, amma kada wani ya hana ka zuwa asibiti da sunan iska ce.

Ga lissafin da ya kamata duk mai aikin inji ya haddace. Masana lafiyar ma'aikata sun ce desibel 85 shi ne iyakar abin da kunne zai ɗauka na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 sai lokacin ya ragu da rabi, 88 awa 4 ke nan, 91 awa 2, 94 awa 1, in ta kai 100 minti 15 kacal. Ba sai kana da na'ura ba, in mutum na tsaye kusa da kai nisan hannu amma sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, toh wurin ya kai 85 ko ya wuce. Kai ka san a bakin injin niƙa ko ihu ka yi sai an haɗa da nuni da hannu.

Abin yi, na farko ka je a yi maka gwajin ji a sashen kunne da hanci da maƙogwaro, akwai a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, in abin ya buƙaci a tura ka gaba akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Mai yiwuwa ma a tarar da dattin kunne ko wani ciwo ya ƙara a kai, waɗannan kuwa suna da magani. Ka gaya masu in an taɓa yi maka allurai masu yawa, don akwai magunguna irin su jentamaisin da kwinin da ke iya taɓa ji. Kada ka ɗiga manja ko man tafarnuwa ko ruwan wani ganye, kada ka sa tsinken ashana ko gashin kaza. Na biyu, abin da ya rage na jinka shi za ka tsare. Auduga da mutane ke cusawa kusan ba ta tare komai, ka nemi abin toshe kunne na soso wanda ake murzawa a sa ya kumbura a ciki, ko kuma mai rufe kunne gaba ɗaya irin na masu aikin kamfani, ana samu wajen masu sayar da kayan gini da kayan kariya, in an sa na soson daidai yana rage desibel 15 zuwa 30. Za a yi maka dariya kwana biyu, ka ƙyale su. In ba niƙa ake ba a kashe injin, a ɗaure kusoshin da suka saki, a gyara salansa, in kuna da yawa ku dinga karɓa-karɓa kowa ya fita ya huta da kunnensa.

Kuma don Allah ka zama mai gaya wa masu kawo niƙa da markaɗe su ajiye su matsa can waje, musamman mata masu goyo da ƙananan yaran da ake aikowa su tsaya jikin inji suna jiran layi. Wannan maganar har da 'yan walda da masu injin katako da masu yankan tayil, da samarin kabu-kabun da ke cire wa mashin salansa da gangan don a ji zuwansu, su kunnensu ne ya fi kowa kusa da ƙarar.

Tambaya: Malama, ni malamar firamare ce, ajina yana bakin titi, ga hon ɗin 'yan kurkura ga mai maganin gargajiya da ke kafa lasifika a kan mota. Kullum da dasasshiyar murya nake komawa gida, kuma na lura yaran ajina sun fi na ajin da ke can ciki wahalar karatu. Akwai alaƙa?

Amsa: Akwai, Malama, kuma abin da kika lura da shi da idonki shi wasu suka auna tun shekaru 50 da suka wuce. A 1975 an yi bincike a wata firamare a birnin New York na Amurka da ke gefen layin dogo, aka tarar yaran da ajinsu ke kallon layin sun koma baya a karatu idan aka kwatanta da na ɗaya ɓangaren, a manyan azuzuwa ratar ta kai kusan shekara guda, makaranta ɗaya fa, unguwa ɗaya. Da aka sa roba a layin dogon aka kuma gyara silin ɗin azuzuwan, ratar ta ɓace. A Jamus ma da aka tashi filin jirgin saman Munich a 1992 aka mayar da shi wani wuri, an bi yaran wuraren biyu, na kusa da tsohon filin karatunsu da haddarsu suka gyaru, na kusa da sabon kuma suka ja baya. Dalili shi ne babba in kalma ta kuɓuce masa yana cike gurbin da abin da ya sani, yaro mai koyon baƙi da wasali ba shi da abin cikewa, balle ana koya masa da Turancin da ba harshensa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin aji kada ƙarar gefe ta wuce desibel 35. Ki kai wa hedimasta shawarar a mayar da 'yan aji 1 da 2 azuzuwan ciki, manya su dawo bakin titi, ki matso da masu rauni gaba, shi kuma mai maganin kwamitin iyaye da malamai su same shi tare da mai unguwa ya matsa ko ya bari sai an tashi. Ni dama abin da ake faɗa a wasu lasifikokin masu maganin nan bai kamata kunnen yaro ya ji ba ko da a hankali ake faɗa.

Tambaya: 'Yata, ɗana ne ya rubuta mani wannan. Ni dattijo ne a Ƙofar Marusa, ina da matar da ke kwance tana jinya. A layinmu in ba masu biki da DJ har ƙarfe ɗaya na dare ba, toh wani ne ya saki karatu ko wa'azi a lasifikar waje tun kafin asuba, masallatai kuma kusa da kusa kowa na son tasa ta fi. Na DJ ina iya magana, amma na masallaci ina tsoron a ce na ƙi addini. Ya zan yi?

Amsa: Baba, Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Wannan tambayar mutane da yawa na da ita a ciki suna tsoron furtawa, kuma ni ina ganin tsoron ba shi da wuri, don addinin ne da kansa ya riga kowa magana a kai. A cikin Suratu Luƙman aya ta 19 an ce ka sassauta muryarka, a Suratul Isra'i aya ta 110 an ce kada ka ɗaga murya da sallarka kada kuma ka ɓoye ta, ka nemi tsakani. Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana i'itikafi a masallaci ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule ya gaya masu cewa kowannensu ganawa yake da Ubangijinsa, kada sashe ya cutar da sashe, kada wani ya ɗaga murya a kan wani wajen karatu. Karatun Alƙur'ani ne fa, a cikin masallaci, tsakanin masu ibada. Toh ina ga mara lafiya da ke kwance a ɗakinta, da jaririn da aka sha wahala kafin ya yi barci, da ma'aikacin da ya kwana a bakin aiki?

Kiran sallah daban ne, shi dama don a ji a nesa aka shar'anta shi, minti kaɗan ne kuma babu musulmin da ke ƙorafi a kansa. Maganar a kan abin da ke biyo baya ne, kaset ɗin da za a saka a tafi a bar shi, da karatun da mutum goma ke saurare a ciki amma an juya lasifika waje unguwa guda na ji, ga na masallacin gaba shi ma yana yi, su haɗu su cakuɗe har ba mai fahimtar ko ɗaya. A 2021 ma'aikatar harkokin addinin musulunci ta Saudiyya ta ba da umarnin a taƙaita lasifikar waje ga kiran sallah da iƙama, kuma kada ƙarfinta ya wuce kashi ɗaya cikin uku, hujjarsu kuwa ita ce tsofaffi da marasa lafiya da yara. Ba ina cewa lallai mu kwafi nasu ba, amma dai ya isa ya nuna cewa wanda ya nemi a rage bai fita daga addini ba.

Shawarata Baba, kada ka yi maganar a bainar jama'a bayan an sallame, nan ne ake jin kunya a ƙi. Ka samu liman shi kaɗai a gida, ko ka tafi da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ka gaya masa halin da mai jinya ke ciki, ka roƙi abu takamaimai, a rage ƙarfin, a juya lasifikar da ke kallon gidanka, karatu da wa'azi a bar su a ta ciki. Yawancin limamai ba su san yadda abin ke fita a waje ba don su a ciki suke, sau da yawa ma wani yaro ne ya murɗa maɓalli ya ƙure ya tafi abinsa.

Masu DJ kuwa, biki farin ciki ne ba wanda ya hana, amma toshe layi a jera sifiku masu tsayin mutum har tsakar dare zalunci ne, kuma in ka duba waɗanda ke gaban sifikun ƙananan yara ne suna rawa, ƙarar wurin kan kai desibel 100 ko fiye, kun dai ga lissafin da na yi wa ɗan'uwanmu na Daura. Hadisin da ke cikin Bukhari cewa wanda maƙwabcinsa bai tsira daga cutarwarsa ba bai yi imani ba, bai ware ranar biki ba. Mafita mai ɗorewa ita ce mutanen layi su zauna da mai unguwa tun babu bikin kowa a gaba, a tsayar da lokacin da za a kashe kiɗa, ya hau kan kowa har da masu kuɗin layin, don in sai ranar bikin wani aka tashi magana zai ɗauka da shi ake.

Tambaya: Anti ni ɗaliba ce a jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, kullum iyafis na kunnena har barci nake da shi, wai yana da illa?

Amsa: Yana da ita ƙanwata, in ana ƙure shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare, ma'auninta kuma shi ne desibel 80 na awa 40 a mako ga babba, 75 ga yaro, alhali waya in an ƙure ta tana iya wuce 100. Kada ki wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar, ki dinga cirewa kina hutawa bayan kamar awa guda, in wayar ta nuna maki gargaɗi kada ki danne shi ki wuce. Inda aka fi cutuwa shi ne cikin kurkura ko kasuwa, don nan ne mutum ke ƙarawa ya danne hayaniyar waje. In ta kusa da ke tana jin abin da kike ji toh ya yi yawa. Na barci kuma ki sa wa wayar lokacin da za ta kashe kanta, tsallaka titi da shi a kunne kuwa ki bari gaba ɗaya.

Tambaya: Hajiya duk mun ji, amma in mutum ya ƙi jin lallashi fa? Akwai doka a kan ƙara a Najeriya ko sai dai haƙuri? Daga wani magidanci a Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Malam akwai doka. Hukumar NESREA ta tarayya da aka kafa a 2007 ita ke kula da ƙa'idojin muhalli, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idoji na musamman a kan ƙara, waɗanda suka raba rana da dare, rana daga 6 na safe zuwa 10 na dare, suka kuma sa iyaka ga kowane irin wuri, unguwar zama zalla desibel 50 da rana 35 da dare, unguwar da ta haɗa gidaje da shaguna 55 da rana 45 da dare. A Legas hukumar muhallinsu ta sha rufe wurare saboda ƙara, a 2016 ta rufe coci 70 da masallatai 20 da wasu otal-otal. Wato abin ba wai ba ya yiwuwa ba ne, mu ne ba mu ɗauki ƙara a matsayin abin kai ƙara ba, sai mu ce a yi haƙuri, mai haƙurin kuma shi ke kwana ido biyu.

Duk da haka ni ban ba ka shawarar ka fara da hukuma ba, don bayan an gama shari'a da maƙwabcin nan za ku ci gaba da zama, ku haɗu a masallaci ku haɗu a jana'iza. Ka fara da shi kai tsaye cikin mutunci, da rana, ba lokacin da ranka ke ɓace ba. In bai ji ba ka nemi wanda yake jin kunya, in ya ƙi sai mai unguwa, daga nan hakimi. Kafin ka kai nan ka tanadi hujja, akwai manhajojin auna ƙara kyauta a waya, ba su kai na'urar ƙwararru daidaito ba amma suna nuna inda aka dosa, ka auna daga cikin ɗakinka ka rubuta rana da lokaci na kamar mako biyu, ka ɗauki murya ko bidiyo, in da takardar asibiti ta mara lafiya ka haɗa. Kuma kada ka tafi kai kaɗai, ƙorafin gida biyar da sa hannunsu ya fi na mutum ɗaya nauyi, ba kuma za a ce gaba ce tsakaninku ba. In duk an bi wannan bai yi ba, sai ku rubuta takarda zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukuma inda duba-gari suke, ku ba hukumar kula da muhalli ta jiha kwafi, ku riƙe naku kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, in an yi mako biyu shiru ku koma da shi a hannu ku tambayi inda aka kwana.